Irinca da Hawa na Huɗu

A ƙauyenmu da ke Oash, in kana son sanin matsayin mutum ba sai ka tambayi kowa ba. Ka tsaya a bakin titi ka ƙirga hawan gidansa. Haka muke, kuma ban ga ranar da za mu daina ba. Irinca matar Toader ta fi kowa iya wannan ƙirgar, domin shekara ashirin da wani abu ke nan tana yin ta a kan gida ɗaya tak, gidan ƙanwarta Dochia, wanda ke fuskantar nata a ɗaya gefen titin.

Laifin na mahaifinsu ne, Allah ya jiƙansa, ko da yake bai yi da gangan ba. 'Ya'ya mata biyu gare shi da fili ɗaya wanda titi ya raba. Ya ba Irinca gefen gangare, inda ƙasa ta fi kyau, ya ba auta gefen tudu mai duwatsu. A lokacin Dochia ce ma ta yi ta kuka wai an cuce ta. Babu wanda ya lura cewa tudun ya ɗara gangaren da tsayin mutum guda sai da aka fara gina benaye. Tun daga nan, ko gidajen biyu sun yi daidai a hawa, na Dochia ne ke leƙa na yayarta.

Irinca ta auri Toader tana da shekara sha tara. Mutum ne mai sanyin hali, maginin da ba ya gaggawa, wanda in ka zage shi da safe sai azahar yake gane zagi ne. Da aka buɗe iyakar ƙasarmu ga masu fita neman aiki, suka bar 'yarsu Viorica a hannun kakarta suka bi ayari zuwa Paris kamar kowa. Shi yana hawa tsani yana shafa siminti, ita tana share gidajen Faransawa. Kowane Agusta su dawo da abin da suka tara su zuba shi a bulo. Suka yi hawa biyu, Dochia da mijinta suka yi hawa biyu. Dochia ta sa matakala ta dutse mai sheƙi, Irinca ta sa baranda mai ƙarfen da ke kashe ido. Duk wannan gini kuwa, babu mai kwana a ciki. Su Irinca suna zaune a ɗan ɗakin girki na bayan gida, da murhu da gado da tebur, haka ma su Dochia, haka ma ni da ke ba ku labari. Babban gida na kallo ne, ana buɗe shi in an yi baƙi, a rufe in sun tafi.

A hawa na uku ne Irinca ta fara cin bashi. Dochia ta riga ta, ita kuma ta ce ba za ta jira wani Agustan ba, ta je banki a cikin gari ta karɓi yuro dubu talatin. Shekarar da ta biyo baya aka yi bikin Viorica, mutum ɗari shida, da masu goge da masu ganga na kwana biyu, kuma abin da baƙi suka bayar bai rufe abin da aka kashe ba. Ana cikin haka Toader ya faɗo daga tsani a wani gini a bayan Paris. Ba da takardar izini yake aikin ba, don haka mai ginin ya ba shi kuɗin mota da fatan alheri. Ya dawo gida da ƙarfe a ƙugu da sanda a hannu, bashi kuma ya koma kan Irinca ita kaɗai. Shekara shida ke nan yana zaune a ɗakin girkin nan wata goma sha ɗaya a shekara, shi da rediyo da kaji.

Mutane suna cewa Irinca marowaciya ce. Ni na san ta kafin bashin, ba haka take ba, tana daga cikin matan da suka fi son sabon ɗankwali da zuwa biki. Koya ta yi, kuma da wahala ta koya. Shekara ta farko tana biyan banki da abin da ya saura a ƙarshen wata, sai ta ga ba abin da ke saura. Daga nan ta juya abin. Ta samu gwangwanin biskit ta sa ambulan huɗu a ciki: na banki, na haya, na maganin Toader, na abinci. Ranar da aka biya ta, na banki take fara cikawa, na abinci kuma shi ne na ƙarshe, ya ci abin da ya samu. A Paris ɗaki ɗaya suke su huɗu, duk matan ƙauyenmu, gado biyu a sama biyu a ƙasa. Duk gidan aikin da bai wuce tafiyar minti arba'in ba da ƙafa take zuwa, ko da gwiwarta tana ƙara. Wake da garin masara da kabejin kwalba daga gida take ɗauko su a Satumba, ta yi ta jan su har bazara. Kofi cokali ɗaya da safe, garin da ya kwanta kuma ta sake zuba masa ruwa da yamma. 'Yan ɗakin suka riƙa tsokanar ta wai kofinta na yamma ko jariri aka ba ba zai hana shi barci ba. Takan yi dariya tare da su, ta shanye abinta.

Abin da ba ta iya yi wa dariya shi ne Dochia. Ita ma shara take yi a Paris, amma a unguwar masu kuɗi, wurin wata tsohuwa da ke ba ta tsofaffin riguna masu tsada. Mijinta lafiyarsa ƙalau. Ɗanta Gavril ya buɗe ɗan kamfanin shimfiɗa tayil a can Paris, har da mota mai sunansa a jiki. Ranar Lahadi bayan coci Dochia takan ja ta su zauna a shagon kofi na bakin titi, ta biya wa su biyun ba tare da ta duba canji ba. Irinca tana sha tana ƙirga abin da kofunan nan biyu za su saya na burodi. Tana son ƙanwarta, wannan ba ƙarya ba ne. Da wani zai taɓa Dochia, da ita za ta fara tsaya mata. Amma hassada ce ke cin ta, ta san sunan abin, kuma saninsa bai rage komai ba.

Da bashin ya sauko ƙasa da dubu goma, sai ta ƙara ambulan na biyar. Ba ta rubuta komai a bayansa ba don kada 'yan ɗaki su gani su kai wa Dochia. Na zaman gida ne. Ta yi lissafin abin da mutum biyu za su buƙata: saniya ɗaya mai nono, itacen hunturu biyu, gyaran murhu, da ɗan abin da za a riƙe kafin fanshonta ya fara fitowa. Yuro dubu bakwai. Ta ƙara gida biyu a aikinta na Asabar don ta cika shi. Ranar da ta gaya wa Toader a waya cewa wannan ce shekararta ta ƙarshe, bai yarda nan take ba. Ya tambaye ta ko da gaske take, ko kuma irin ta bara ce. Ta rantse masa da kabarin mahaifiyarta. Daga wannan Lahadin ya daina kukan ƙugu a waya, sai labarin ɗakin saniyar da yake gyarawa da kaɗan-kaɗan, katako ɗaya yau, ɗaya gobe.

Akwai abin da bai gaya mata ba, kuma Dochia ma ba ta faɗa ba. Da ƙaramar bas ɗin da ke kawo su daga Paris ta karya kwanar ƙauye a farkon Agusta, bayan kwana ɗaya da rabi a hanya, Irinca ta ɗaga kai don ta ga gidanta, sai idonta ya sauka a kan ɗayan. Hawa huɗu. An yi fenti, an sa tagogi, har da labule masu ruwan zinariya. Dochia tana zaune kusa da ita, kamar yadda suke zama kowace shekara, ta ce wai so ta yi abin ya zo wa Yaya ba zato. Irinca ta ce ya yi kyau, Allah ya sanya alheri, ta sauka ta manta jakarta ɗaya a mota sai da direba ya kira ta.

Toader yana bakin ƙofa da sabuwar riga, ya yi aski. Kafin ya gama yi mata sannu da zuwa ta tambaye shi tun yaushe aka fara. Ya ce tun bayan bikin Ista. Ta ce wata huɗu yana kallon ana ɗaga bulo a gaban idonsa, kowace Lahadi suna waya, bai ga ya dace ya faɗa ba? Ya ce ya ga ya dace ya yi shiru, kuma yanzu da ya ga fuskarta ya tabbata ya yi daidai.

Washegari ta shiga gari ta biya banki kashi na ƙarshe na bashin. Ta daɗe tana hango wannan ranar, ta ɗauka za ta yi kuka ko ta sayi wani abu na banza don murna. Yarinyar da ke bayan kantar bankin ta buga hatimi, ta miƙo mata takardar da ke nuna ba a bin ta komai, ta yaba mata cewa shekara takwas ba ta taɓa makara ba ko sau ɗaya. Sannan ta ƙara da cewa mai irin wannan tarihin, in ta sake buƙata, cikin mako ɗaya za a ba ta, kuma da kuɗin ruwa mai sauƙi. Irinca ta ce Allah ya kiyaye. Ta ninke takardar ta sa a ƙirji ta fito, amma maganar ta biyo ta har gida.

Mako biyu ta daure, kuma ina so a rubuta mata wannan. Ta je kasuwar dabbobi da Toader suka ga wata jar saniya mai ɗan maraƙi, suka yi ciniki, aka tsayar za a ɗauke ta farkon Satumba. Ta kira mai gyaran murhu. Ta ce wa kanta tsofaffi biyu da ke kwana a ɗakin girki ba su da abin yi da hawa uku ma, balle huɗu. Duk gaskiya ne. Amma Agusta watan biki ne a wurinmu, kowa ya dawo, kowa yana yawo a titi da motar da ya shigo da ita, kuma kowa sai ya rage gudu a gaban gidan Dochia. A ƙofar coci wata tsohuwa ta riƙe hannun Irinca ta ce mata kada ta damu, ai kowa ya san halin da Toader yake ciki, hawa uku ma ta yi ƙoƙari. Da zagin ta aka yi da ya fi mata sauƙi. Ga kuma inuwa. Da, inuwar gidan Dochia a tsakiyar titi take tsayawa. Yanzu ƙarfe huɗu na yamma ta tsallako ta kwanta a kan matakalar Irinca, furannin da ke wurin har sun fara karkata.

Sai ranar da Dochia ta ce ta zo ta ga sama. Suka hau. Daga hawa na uku matakalar ta koma siminti tsirara, saman kuma ba komai sai bulo da ƙura da buhunan da magina suka bari. Labulen ne kawai, an rataye su da waya. Irinca ba ta yi mamaki ba, nata hawa na ukun ma haka yake ciki shekara takwas. Mu duka mun san abin da ke bayan labulen juna, kuma bai taɓa sanyaya wa kowa rai ba, tunda daga titi ake kallo. Dochia ta yaye labule ɗaya ta kira ta.

"Yaya, zo ki gani. Daga nan har rufinki ana gani. Ga can kusa da bututun hayaƙi ma ya ɗan zame, ki sa a duba kafin ƙanƙara ta sauko."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, na yarda. Irinca ta leƙa. Ba ta taɓa ganin gidanta daga sama ba. Ga rufin, ga ɗan ɗakin girkin a baya da hayaƙinsa, ga Toader ƙarami a tsakar gida yana jan katako da hannu ɗaya. Duk abin da ta share gidajen mutane shekara ashirin da shida ta gina, ƙanwarta tana iya rufe shi da labule.

Da yammar nan ta kira maginin da ya yi wa Dochia, ta ce tambaya kawai take. Ya zo ya zagaya, ya bubbuga bango, ya ce ginshiƙan za su ɗauki hawa na huɗu. Sai an cire rufi an mayar, yuro dubu ashirin da takwas, kuma in tana so a yi kafin Agusta mai zuwa sai ta ba da kafin alƙalami yanzu, don mutum uku ne a layi. Ya kuma ce, kamar mai ba da shawara, in ta ɗaga bangon da ƙarin mita ɗaya da rabi za ta shafe bambancin tudun gaba ɗaya. Wannan mita ɗaya da rabin ce ta gama da ita.

Ta yi lissafi a kan teburin girki, domin lissafi kam ta iya. Dubu bakwai na ambulan na biyar kafin alƙalami, sauran daga banki, shekara huɗu in ta riƙe gidajen Asabar. Ta nuna wa Toader takardar tana bayani da sauri, wai shekara huɗu ba komai ba ne, wai darajar gidan za ta ƙaru don Viorica. Ya ce Viorica tana da gidanta a Lyon, jikokinsu ko yarenmu ba sa ji. Ta ce to shi ya fi son a riƙa tausaya musu a ƙofar coci? Ya ajiye cokalinsa.

"Irinca, ni ko hawa na biyu ban iya hawa. In kin gina, ki ɗauki hoto ki nuna mini. Amma kada ki sake ce mini shekarar ƙarshe. Ki tafi kawai, ba sai kin rantse ba."

Bai ƙara magana a kai ba. Shi ne ya kira mai saniya ya ba shi haƙuri, shi ne ya sallami mai murhu. Cikin mako ɗaya bankin ya cika alkawari. Irinca ta sa hannu, ta ji wani sanyi a ranta wanda ba ta ji ba ranar da ta gama biya, kuma ta ji kunyar jin sa. Ta ja wa maginin kunne kada ya gaya wa kowa, tana so Dochia ta gani da idonta daga tagar mota. Sauran kwanakin ta yi su tana cika kwalabe da kabeji, tana auna wake da garin masara na wata goma sha ɗaya.

Ranar tafiya bas ɗin ta tsaya a gaban coci da hantsi. Toader ya rako ta yana ɗingishi, ya tsaya ya ga an ɗaure kayanta. Ta shiga ta zauna a kujerarsu ta kullum, ta ɗora jaka a ta kusa da ita don ta kama wa Dochia wuri. Mutane suka gama shiga, direba ya fara duba suna. Sai ga Dochia tana saukowa daga tudu a hankali, da silifas da rigar aikin gida, ba akwati, sai ƙulli ɗaya a hannu. Ta zo jikin taga ta miƙa wa Irinca, ta ce cuku ne da tsiren gida na Gavril, zai zo ya karɓa a tasha.

Irinca ta tambaye ta ina kayanta.

"Au, ban gaya miki ba? Ni na gama, Yaya. Gavril ya ce in na sake taɓa tsintsiyar wani ba ni ba shi. Shekaranjiya ya kira tsohuwar da nake wa aiki ya ce ta nemi wata. Saman can ma shi ya matsa aka yi, don dangin budurwarsa su gani, ni me zan yi da shi? Gwiwata ta gaji." Ta juya ta kalli Toader, ta sake juyowa. "Ke kam kina da ƙarfi, wallahi. Na ɗauka bana za ki zauna, tunda na ji kin gama da banki. Kada ki damu da wannan tsohon, miya ɗaya zan riƙa yi mana, in tsallako masa da ita."

Irinca ta ɗora ƙullin a kan cinyarta. Direba ya zo kanta ya ce yuro ɗari da ashirin, kuma in kujerar nan ba kowa ta ɗauke jakar, akwai mai so. Ta ƙirga masa kuɗin, ta ɗauke jakar, wata yarinya da ba ta sani ba ta zauna.

Motar ta tashi. Ta wuce tsakanin gidajen biyu, Irinca ba ta ɗaga kai ta kalli ko ɗaya ba. Baya ta juya, tana leƙe ta tsakanin kawunan mutane. Dochia da Toader sun kamo hanyar gida, Dochia ta rage tafiyarta daidai da sandarsa, tana ba shi wani labari da hannu, shi kuma yana gyaɗa kai. Hassadar da ta taso wa Irinca a nan ta fi duk wadda ta taɓa ji, kuma a karon farko babu magini ko banki da za ta kira a kanta. Ta ci gaba da kallo har kwana ta ɓoye su. Yarinyar da ke kusa da ita ta tambaye ta ko wannan ne zuwanta Paris na farko, ganin yadda take share ido. Irinca ta ce a'a, ta gyara ƙullin Gavril a kan cinyarta don kada cukun ya matse.